Yaushe rabonka da ganin ungulu? Ga yadda masana ke ƙirga halittun daji

Ɗan ajiye TikTok na minti biyar ka amsa min tambaya ɗaya: yaushe rabonka da ganin ungulu? Ita kanta nake nufi, a kan rufin mahauta ko bakin kasuwa, ba wadda ke cikin karin magana ba. Tambayi kakanka ka ji, zai ce maka a zamaninsu sai mahauta sun yi ta kora kafin su samu su yi fiɗa. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta saka wannan ungulu ta cikin gari a rukunin waɗanda ke dab da ƙarewa.

To ta yaya aka sani? Ungulu dai ba ta da katin ɗan ƙasa, kuma babu mai bin ta gida-gida da takardar ƙidaya. "Da can suna da yawa" magana ce ta hira, ba za ka kai ta gaban hukuma a matsayin hujja ba. Hujja sai an ƙirga, kuma ƙirgar tana da ƙa'ida.

Hanya ɗaya, ƙirga biyu

Tsakanin 1969 da 1973, wani masanin tsuntsaye ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya bi dubban kilomitoci na hanyoyin mota a Nijar, Mali da Burkina Faso. Yana tafiya a hankali, yana rubuta duk shaho, mikiya da ungulun da ya gani. A 2003 da 2004 ya koma ya bi hanyoyin nan dai, a irin lokacin, da irin tsarin. Abin da ya tarar ya tayar da hankali: manyan ungulayen daji sun kusa ɓacewa ƙurmus a duk inda ba gandun dajin gwamnati ba.

Wannan ita ce dabarar bin layi. Ka zaɓi hanya, ka bi ta, ka ƙirga abin da ka gani dama da hagu. Sirrinta shi ne maimaitawa. Idan bana ka ƙirga da asuba a damina, baɗi kuma ka ƙirga da tsakar rana a bazara, ka ɓata aikin, domin ba za ka iya gane ko tsuntsayen ne suka ragu ko kai ne ka zo lokacin da suke hutawa ba.

Abin da ba ya gudu

Tsirrai sun fi sauƙi tunda ba sa tashi. Masu bincike kan ajiye firam mai kusurwa huɗu, misali mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, su ƙirga duk ciyawar da ke ciki. Don itatuwa sai a auna fili mai girma da igiya. Ana yin haka a wurare da dama, kuma ƙuri'a ke zaɓar wurin, saboda idon mutum ya fi son inda ya fi kore.

A nan ne za ka gane yawan nau'i daban, daidaituwarsu daban. A ce gonaki biyu kowacce na da itace 100, kowacce nau'i biyar. Ta farko darbejiya 96 ce, sai kuka, ɗorawa, gawo da tsamiya ɗai-ɗai. Ta biyu kowane nau'i guda 20 ne. A takarda duk biyar-biyar ne, amma a ta farko gatari huɗu kawai ya isa ya mayar da ita gonar darbejiya zalla. Shi ya sa ake amfani da ma'auni irin na Simpson, wanda ya fito a 1949. Tambayarsa mai sauƙi ce: idan ka rufe ido ka taɓa itace biyu, mene ne yiwuwar su zama iri ɗaya? In yiwuwar ta yi yawa, wurin ba shi da wadatar nau'o'i.

Kama, yi alama, saki

Kifi fa, da ba ka ganinsa? Ga lissafin da ko ɗan sakandare zai iya. A ce ka kama kifi 50 a tafki, ka yi musu alama ka mayar. Bayan 'yan kwanaki ka sake kama 40, ka tarar 10 na da alamarka. Wato kashi ɗaya cikin huɗu na kifin tafkin masu alama ne. Tunda 50 ka yi wa alama, kifin zai kai kimanin 200. Sai dai lissafin na da sharaɗi: kada alamar ta goge, kada masunta su kwashe da yawa a tsakani, kuma masu alamar su gauraya da sauran.

Dabbobin da ke gudun mutum kuma kyamara ake ɗana musu. Ana ɗaure ta a jikin itace, da zarar wani abu ya gifta sai ta ɗauka da kanta. Da irinta ne ƙungiyar WCS ta fitar da hotuna a 2020 na goggon birin Kuros Riba tare da 'ya'yansu a tsaunukan Mbe. Kusan 300 kacal aka ƙiyasta sun rage a iyakar Najeriya da Kamaru, don haka ganin jarirai babban albishir ne.

Ka riƙe wannan: rashin gani ba ya nufin babu. Mujiya na iya kwana a kukar bayan gidanku shekara da shekaru ba ka sani ba. Shi ya sa mai bincike ke rubuta awa nawa ya yi yana nema, da ranar da ya dawo hannu rabbana. Sifili ma sakamako ne.

Ina kai a ciki?

Masana kaɗan ne, ƙasar kuma faɗi gare ta. Saboda haka a 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya dogara da 'yan sa-kai. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Aikinka shi ne ka yi aƙalla awa biyu a cikin gida ɗaya, ka shigar da duk nau'in tsuntsun da ka gani ko ka ji kukansa a manhajar BirdLasser. Ba a tambayar digiri. Idan ba ka san sunan abin da ka gani ba, manhajar iNaturalist na karɓar hoto, masu sani daga ko'ina su taya ka tantancewa.

'Yar'uwa, ke ma da ke ake. Kurciya, balbela da hankakan da ke sauka a tsakar gida duk suna shiga lissafi, kuma tsuntsun da ya fi yawa yau shi ne ba a damu a rubuta ba.

Gargaɗi ɗaya: in ka ci karo da sheƙar ungulu, kada ka tallata wurin a Facebook ko WhatsApp. Masu farautarta don sayar wa masu magani na cikin manyan dalilan raguwarta, kuma su ma suna da waya.

Ranar Asabar mai zuwa, zaɓi hanya ɗaya a unguwarku. Bi ta da ƙarfe bakwai na safe, ka rubuta kwanan wata da abin da ka gani. Wata mai zuwa ka sake, a hanyar nan, a lokacin nan. Thiollay ma da littafi da biro ya fara, kuma sai bayan shekara talatin aka ga amfanin shafin farko.