MUGUN HAKI A FILIN BAYAN GIDA

Ƴan uwa fatake da dillalai, kusan kowannenmu yana da ɗan fili a bayan gida ko a bakin gari inda yake tsare shanu kafin ranar lodi. A da irin wannan fili za ka tarar da shi shimfiɗe da kiri-kiri da harkiya, ga kyasuwa a gindin shinge, saniyar da ta gaji da hanya ta kwanta ta tashi ta yi kiwo. Yau ka zaga Maraɗi ko Damagaram ko Doso da damina, garmani ne har gwiwa, ga tafasa, ga kashin yawo. Daga nesa kore shar, amma sa yana tsaye a tsakiya da yunwa. Sai ka ga mutum yana sayen dusa cikin watan Agusta, lokacin da haki ya kamata ya zama kyauta.

Kada mu ɗora wa kowa, mu ne muke kawo shi. Dabbar da aka sayo a kasuwar daji ta ci haki da ƴaƴansa a hanya, kuma iri mai tauri ba duka yake narkewa a ciki ba. Yakan fito a kashi cikin kwana 2 ko 3, wani har mako. Kashin yawo da ƙarangiya a wutsiya suke maƙalewa, tsidau kuwa a kofato da tayar mota. Masu sauka Kamaru da Gana sun san ciyawar nan da ake ce wa Bokasa a wajen Ngaundere, a Kumasi kuma Acampong. Daga nahiyar Amurka ta fito, yanzu ta cinye makiyaya da dama a ƙasashen masu ruwa.

To, maganin farko ba ya cin ko dala. Shanun da suka sauka a ɗaure su a turke mai ƙasa tsirara har mako guda kafin a sake su cikin fili. A share kashin a zuba a rami, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har ya yi zafi ya ruɓe, don zafin nan yana kashe yawancin irin. Motar da ta kawo su ma a share ta can waje, ba a bakin shinge ba.

Garmani shi ne babban abokin gaba. Saiwarsa doguwa ce, ta nutse ƙasa sosai, shi ya sa sara da adda ba ya kashe shi, sai ma ya yi rassa ya ƙara faɗi. Tugewa ake yi, washegarin ruwa mai yawa da ƙasa ta yi laushi, tun bai yi fure ba. Mu kanmu mun taɓa yin kuskuren nan: muka bari sai bayan damina muka sa yara suka sare shi, muka bar shi zube a wurin. Ashe shuka muka yi. Da ruwa ya sauko fili ya tsiro kamar an yafa riɗi. Idan har ya riga ya yi ƴaƴa, a tara shi a hankali wuri ɗaya a ƙone. Kuma kada wani ya ce muku aikin damina ɗaya ne, irin yana kwance a ƙasa shekaru, duk shekara wani ya tashi.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne wurin da aka tuge. Ƙasa ba ta zama tsirara, in ba ka ba ta haki mai kyau ba, ita za ta nemo nata. A yafa irin kyasuwa nan take, ko a yanko jijiyar kiri-kiri a dasa, taki ɗaya tsakani, ta yaɗu ta rufe. Sannan a raba filin gida biyu ko uku, shanu su ci ɗaya, sauran su huta. Dalili kuwa, saniya zaɓe take yi: ta aske mai daɗi har ƙasa ta bar garmani ya sha rana shi kaɗai. Kai ne kake yi masa noma da bakin shanunka.

Aya-aya ita kuma dabararta daban. A ƙarƙashin ƙasa take da ƴaƴa jere kamar carbi, in ka sa fartanya da damina ka tsinka jerin, kowace ƙwaya ta zama sabon tsiro. Da rani ake kafce wurin a bar ƴaƴan a sama rana ta soya su. Ba ta kuma son inuwa, haki mai kauri yana danne ta.

Akwai biyu da ba a jira musu lokaci: zaƙami da rai-ɗore. Duka guba ne, ƴaƴan rai-ɗore tsokar dabba suke lalatawa har ta kasa tashi. Saniyar gida ta san su, ba ta taɓawa. Wadda ta kwana biyu a mota ba ci ba sha, duk abin da ta tarar kore ci take yi. Tafasa dai a bar wa mata kaɗan a gefe don kwaɗo, a tuge sauran kafin ta yi kwanso.

Maganar feshi kuwa, a yi hattara da mai shago. Maganin da aka rubuta 2,4-D a jikinsa mai faɗin ganye yake kashewa ya bar haki, kuma ya fi ci idan tsiron yana ƙarami. Garmanin da ya tsufa sau da yawa ganye kawai yake zubarwa ya sake tohowa. Gilifosat ba ya zaɓe, har kiri-kirin yake ƙonewa. Farakwat kuwa ƙasashen CILSS sun hana shi tun 2011 saboda ƙarfin gubarsa, ko an tallata muku shi a bakin iyaka kada ku saya. Kada a yi feshi ranar iska, 2,4-D yana bin iska ya lalata waken maƙwabci da kuɓewarsa. Bayan feshi a kulle fili iyakar kwanakin da aka rubuta a kwalba, a kuma kwashe zaƙamin da ya yi yaushi kafin a buɗe, don dabbar da take ƙin sa yana tsaye takan ci shi in ya yanƙwane.