Ƙarar Numfashi da Cututtukan Hanyar Iska a Karnukan Farauta

A ƙasar noma ta arewacin Kano, wajajen Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi, inda gonaki suka haɗe da juna har daji ya yi ƙaranci, aikin karen farauta yana kankama ne bayan an kawar da amfanin gona, ba ya kuma tsayawa sai ruwa ya sauka. A tsakanin nan yakan bi zomo a fili, ya tona ramin gafiya da na kurege a gindin shinge, ya shaƙi ƙurar hunturu, sannan zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ya riske shi a bakin aiki. Mafarauta da yawa sukan ɗora ƙarar da ke fitowa daga maƙogwaron kare a kan gajiya ko ƙura, alhali numfashin lafiyayyen kare da ke hutawa kusan ba a jin sa, kuma ƙarar da ta ƙi ɗaukewa alama ce ta cewa hanyar iska ta tsuke a wani wuri tsakanin hanci da huhu.

Abin da ya sa lamarin ya yi tsanani shi ne kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, don haka da haki yake sanyaya jikinsa, wato iska ta riƙa bi ta kan jiƙaƙƙen harshe da hanci tana kwashe zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, idan kuwa ya wuce 41 kayan ciki sukan fara lalacewa. Karen da hanyarsa ta tsuke sai ya ƙara ƙarfi wajen jan iska, ƙarfin ya kumbura naman maƙogwaro, kumburin kuma ya ƙara tsuke hanyar, har ta kai shi ga faɗuwa a tsakiyar gudu.

Irin ƙarar kan nuna inda matsalar take. Mai kauri kamar minshari daga hanci ko ƙarshen ganɗa take fitowa, busasshen tari mai ƙarewa da kakari daga bututun iska yake, siririyar ƙara mai kaifi lokacin jan numfashi kuwa daga ƙofar maƙogwaro take, kuma ita ce mafi haɗari. A wannan ƙofa akwai guringuntsi biyu da ke buɗewa duk lokacin da kare ya ja iska, idan jijiyar da ke motsa su ta mutu sai su tsaya a tsakiya, haushin karen ya dishe, cutar da aka fi gani a tsofaffin manyan karnuka. Wani lokaci gado ne. A 2019 masu bincike a Jami'ar Edinbara sun nuna cewa ƙananan karnukan Norwich na Ingila, waɗanda aka samar don kamun ɓeraye da koro dabba daga rami, suna gadar wani lahani a ƙwayar halitta mai suna ADAMTS3 da ke sa naman maƙogwaronsu kumburi, duk da cewa hancinsu ba a dakushe yake ba. Wannan ya isa hujja a kan kada a nemi iri daga karen da ya taso da ƙarar numfashi, komai iya kamunsa.

Karen gida mai dogon baki bai cika gadar irin wannan lahani ba, yawancin ciwonsa daga aiki da riƙo yake samo shi. Igiyar zarge da ake ɗaura masa a wuya tana murƙushe bututun iska duk lokacin da ya fizga, hayaƙin da ake turawa ramin gafiya karen ne na farko da ke shaƙarsa domin kansa na bakin ramin, ƙayar ƙarangiya ko tsinken ciyawa kan maƙale masa a hanci ya yi ta atishawa da majina ta ƙofa ɗaya, saran kububuwa ko kasa a fuska kuma kan kumbura wuya cikin ɗan lokaci. Ɗanyen kayan cikin akuya da tumaki na iya sa masa wata tsutsa mai zama a kogon hanci. Cunkusa karnuka a mota guda zuwa farautar nesa kuwa ita ce hanya mafi sauƙi ta yaɗa tari mai yaɗuwa.

Wajibi ne a yi hattara da karen da muryarsa ta sauya farat ɗaya, muƙamuƙinsa ya saki, yana dalalar da miyau kamar ƙashi ya maƙale masa, domin haka wani nau'in ciwon haukan kare yake bayyana, ba tare da cizo ko faɗa ba. Wanda ya zura hannu a bakin irin wannan kare don ciro ƙashi ya jefa kansa cikin haɗarin cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 59,000 a shekara. Idan miyau ya taɓa rauni, a wanke da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti. Allurar rigakafin kare kuwa, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom take sarrafawa, sau ɗaya ake yin ta a shekara.

Karen da ke ƙarar numfashi bai kamata a fita da shi farauta da rana tsaka ba. Idan dasashinsa ya koma shuɗi ko toka-toka, a janye shi inuwa, a kwance igiyar wuya, a jiƙa jikinsa da ruwan randa, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo domin zai iya sarƙewa ya gangara huhu, sannan a kai shi ga likitan dabbobi a ranar.