Adon Kaka A Kan Fitilar Ɗakin Cin Abinci

Yau za mu leƙa Amurka da Kanada mu ga wani ado da matan can ke yi idan kaka ta kama, watau adon babbar fitilar nan mai rassa da ake ratayawa a silin, daidai saman teburin cin abinci. Shandaliya ake kiranta. Sunan ya samo asali daga kalmar Faransanci mai nufin kyandir, domin kafin zuwan lantarki kyandirori ake jerawa a kan rassanta.

A can kaka tana farawa wajen 22 ko 23 ga Satumba, ta ƙare wajen 21 ga Disamba. Yini yana gajarta, sanyi yana shigowa, sai koren ganyen itatuwa ya gushe, ganyen ya koma ja ko ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa kafin ya kaɗe. Lokacin girbi ne kuma. Amurkawa suna bikin godiya ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kamar yadda dokar 1941 ta tsayar, mutanen Kanada kuwa Litinin ta biyu a watan Oktoba. Ran nan dangi ke haɗuwa a tebur ɗaya, shi ya sa uwargida ke so fitilar da ke bisa kawunansu ta nuna albarkar gona.

Kayan adon ba su da tsada. Akwai ganyen da ya rine, da zangarniyar alkama, da masara mai launi iri-iri, da ƙananan duma, da ɗan ƙyalle na ɗauri. Amma ganye in ya bushe marmashewa yake yi. Don haka sukan sayo giliserin a kemis, su gauraya kashi 1 da ruwa kashi 2, su tsoma ganyen na 'yan kwanaki, sai ya yi laushi ya daɗe bai karye ba.

Ga yadda za ki yi. Ki fara kashe makunni, ki bari ƙwayayen fitilar su huce, sa'an nan ki goge ƙura. Ki hau tsani mai ƙarfi, wani yana riƙe miki. Ki ɗaure adon da zare a ƙarƙashin rassan, kuma duk abin da kika rataya a dama ki rataya kwatankwacinsa a hagu, don kada fitilar ta karkace. Kabewa tana da nauyi, wurinta bisa tebur. Yawanci akan bar santimita 75 zuwa 90 tsakanin tebur da gindin fitila, saboda haka kada adon ya sauko har ya kare fuskar masu cin abinci.

To, ga inda nake so ki buɗe kunne. Ƙwan lantarki irin na da, mai siririyar waya a ciki, wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take komawa. Busasshen ganye ko ƙyalle in ya jingina da shi yana iya kamawa, tebur da labule kuwa suna kusa. Ƙwan LED bai kai shi zafi ba, shi ya fi dacewa, amma shi ma kada a rufe shi da komai. Kada ki ɗaura wani abu a jikin wayar wutar. In fitilar ta kyandir ce, busasshen abu bai da wuri a kanta ko kaɗan. In kin ji ƙauri, ki kashe nan da nan. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mu ma muna da tamu kakar, lokacin da gero da dawa ke shigowa gida. Wadda ke da irin wannan fitila tana iya yin adonta da gajerun zangarniyar dawa da ƙananan ludayi. Sai dai ki tuna hunturu ne ke bin bayan kakarmu, lokacin da komai ke bushewa ƙayau, gobara kuma ba ta da wuyar tashi. Wadda ba ta da ita, ta jera kayan a cikin sabuwar ƙwarya a tsakiyar tebur, ko ta ɗinke su a jikin faifai ta rataya a bango, nesa da fitilar ƙwai da risho.

'Yan makaranta, tattaro kayan da tsabtace su aikinku ne, hawa tsani kuwa na manya. Bayan 'yan makonni a sauke adon, domin hatsi yana jawo ƙwari da ɓeraye, ƙura kuma tana dusar da kyansa. Sai mun sadu a mako mai zuwa.