Tsofaffin da ke yawon duniya a kan keke

Waɗanda suka daɗe suna cin kasuwar Ƙonni, Maraɗi ko Agadas ba za su rasa tuna su ba. A shekarun baya, da zarar sanyi ya shigo, akan ga wani Bature, rana ta ƙona masa fuska, kai fari fat da furfura, ya jingina keke shaƙe da jakunkuna a bakin rumfar mai shayi yana neman ruwan sha. Yara su yi masa zobe, manya kuma su tsaya daga nesa suna tambayar juna, shin wannan bawan Allah wa ya aike shi? Ba haja ya ɗauko ba, ba biki ko gaisuwar mutuwa za shi ba, kuma ga dukkan alamu ba kuɗin mota ya rasa ba, tunda keken nasa kaɗai ya fi wani babur tsada. Daga ƙarshe sai a yanke hukunci cewa ko dai ɗan leƙen asiri ne, ko kuwa akwai ƴar taɓuwa.

Yau an daina ganinsu a hanyoyinmu. Tun tawayen da ya ɓarke a arewa a 2007, da kuma sace ma'aikatan kamfanonin haƙar yuraniyom da aka yi a Arlit a 2010, hanyar da ke sauko da su daga Tamanrasset ta Asamaka zuwa Agadas ta mutu ga masu yawon buɗe ido. Masu ratsa Afirka ta Yamma a kan keke sun koma bin gaɓar teku, ta Maroko da Muritaniya zuwa Senegal. To amma tambayar nan ta bakin kasuwa tana nan, domin ko da muka kawo zancen a shirinmu na kiwon lafiya a gidan rediyo, ita ce masu bugo waya suka yi ta maimaitawa: me tsoho ke nema a kan keke? Shi ya sa muka ga ya dace mu bi diddigin lamarin.

Bari mu fara da wata mata ƴar Ingila mai suna Anne Mustoe. Shugabar wata makarantar ƴan mata ce, mijinta ya rasu, aiki ya zauna mata, girma ya zo. A 1983 tana cikin motar ƴan yawon buɗe ido a ƙasar Indiya sai ta hango wani mutum shi kaɗai yana taka keke a gefen hanya. Ta ji ƙyashi ya kama ta, domin ita tana kallon ƙasar ne ta bayan gilashi, shi kuwa yana cikinta. Shekara huɗu bayan haka, a 1987, tana da shekara 54, ta ajiye aiki ta hau keke daga Landan. Rabonta da keke ya kai shekara 30, jikinta ya yi nauyi, kuma ko facin taya ba ta iya ba. Duk da haka ta ratsa Faransa, Italiya, Girka, Turkiyya, Pakistan, Indiya da Amurka, ta dawo gida bayan kimanin wata 15, ta ci kilomita wajen dubu 19. Wato kamar mutum ya yi Yamai zuwa Damagaram sau ashirin da ɗoriya. Faci kuwa har ƙarshen rayuwarta ba ta koya ba, duk inda taya ta sace sai ta nemi mai gyara, abin da muke ganin masu facin bakin tasha za su yi murnar ji.

Abin da ya fi jan hankalinmu game da ita shi ne ba ta bin hanya haka kawai. Tsofaffin hanyoyin tarihi take zaɓa, irin titunan da Rumawa suka shimfiɗa da hanyar fataucin siliki da ta haɗa Sin da Gabas ta Tsakiya. A nan ne muka fara gane cewa abin bai yi nisa da abin da muka gada ba. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja ɗauko goro ba su taɓa cewa yau sai Salaga ba. Zango suke lissafawa. A tashi da asuba, a yi tafiya gwargwadon ƙarfin jaki, a sauke kafin rana ta faɗi, gobe a ɗora. Haka watanni ke cin nisan da ido ba ya iya hangowa. Mai yawo a kan keke shi ma lissafinsa ke nan: yawanci kilomita 60 zuwa 100 a rana, a hankali, da hutawa, da cin abinci a hanya. Maraɗi zuwa Katsina kimanin kilomita 90 ne, ke nan zango guda. Kayansa jakunkuna ne rataye a gefen tayar gaba da ta baya, da ƙaramin tanti, da tukunya, da kayan gyara, da gorunan ruwa. Sirrin kuma yana ga giya, wadda ke sa tsoho ya hau tudu yana taka feda ba tare da ya karya gwiwa ba, saɓanin kekunanmu na dako masu gudu ɗaya tak.

A Turai gwamnatoci sun sauƙaƙa musu. Akwai jerin hanyoyin keke da ake kira EuroVelo, guda 17, da tsawonsu ya haura kilomita dubu 90, wasu sassansu mota ba ta shiga ko kusa. A Faransa hanyar da ke bin kogin Luwar ta kai kusan kilomita 900, ba tudu sosai, ga masauki a kowane gari, kuma ƴan fansho mata da miji suna cikin waɗanda suka fi binta. Sannan ga keke mai batir, wanda ke taimaka wa ƙafa har zuwa gudun kilomita 25 a sa'a. A Jamus, a 2023, irin waɗannan kekunan da aka sayar sun fi na gargajiya yawa a karo na farko. Ƴan uwa masu kawo kekunan gwanjo daga Kwatano da Lome sai su lura da wannan, domin abin da Turawa suka sauka daga kansa yau, shi ne ke cika kwantena gobe.

Masu ƙarfin aljihu kuma suna shiga ayari. Tun 2003 wani kamfani na ƙasar Kanada ya fara shirya tafiyar da ake kira Tour d'Afrique, daga Alƙahira zuwa birnin Kap na Afirka ta Kudu, wadda a farkonta ta kai kilomita wajen dubu 11 cikin wata huɗu. Babbar mota na ɗaukar kaya da mai dafa abinci, su kuma mahaya su taka. Da yawansu mutane ne da suka yi ritaya, kuma kuɗin shiga miliyoyin sefa ne. Mutum ya biya dukiya don ya sha wahala, in ji wani mai sauraronmu, kuma mun kasa musa masa.

Akwai wanda bai da ko sisi amma ya fi su duka nisa. Heinz Stücke Bajamushe ne, ya bar garinsu a 1962 yana da shekara 22, ya tsufa a kan sirdi. Ya shafe sama da shekara 50 yana tafiya, ya ci fiye da kilomita dubu 600, kusan babu ƙasar da bai taka ba. Da me yake ci? Ɗan kasuwa ne irinku. Yakan buga ƙaramin littafi mai hotuna da labarin tafiyarsa, ya tsaya a bakin titi a manyan birane ya sayar, in jari ya taru ya ƙara gaba. Mota ta taɓa buge shi a hamadar Cile, an taɓa harbinsa a ƙafa a Zambiya, kuma a 2006 ɓarayi sun sace masa keken a Ingila kafin a gano shi.

To, mene ne ribar? A 2018 masu bincike na jami'ar Birmingham da Kwalejin King's ta Landan sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 125, masu shekara 55 zuwa 79, waɗanda suka daɗe suna hawan keke don sha'awa. Sharaɗin shiga shi ne namiji ya iya kilomita 100 cikin ƙasa da sa'a shida da rabi, mace kuma kilomita 60 cikin sa'a biyar da rabi. Aka tarar naman jikinsu bai zube ba kamar yadda aka saba gani ga tsofaffi, kitse bai taru musu ba, kuma garkuwar jikinsu na ƙera ƙwayoyin yaƙi da cuta kusan kamar ta samari. Abin da masu binciken suka fahimta shi ne da yawa daga cikin abin da muke ɗora wa tsufa, zama ne ya kawo shi. Keke kuma yana da wata fa'ida ga mai shekaru: sirdi ke ɗauke da nauyin jiki, don haka gwiwa ba ta shan dukan da take sha a wajen gudu.

A nan ne zancen ya dawo rumfunanmu. Kusan duk wani babban ɗan kasuwa da ya haura shekara 60 a bakin iyakar nan, da keke ya fara. Da Raleigh ko Phoenix ya riƙa kai atamfa, goro, batir da kananzir ƙauye-ƙauye, ya ƙetara Illela ko Jibiya ya dawo kafin magariba. A wancan zamani keke abin alfahari ne, har ado ake yi masa da madubi da ƙararrawa. Da Allah ya buɗa sai aka sayi babur, daga nan mota, daga nan kuma sai kujera. Tun safe Alhaji na zaune, yaro ya kawo shayi mai sukari cokali huɗu, ya kawo tuwo, ya kawo tsire, ko masallacin da ke bayan layi wani lokaci a babur ake zuwa. Bayan ƴan shekaru sai a fara zancen hawan jini da ciwon suga, ana kai kuɗin da aka tara a rumfa wurin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Kowa ya lissafa nasa.

Da za a ce wa Alhaji ya koma kan keke, amsar da zai bayar mun san ta: mutane za su ce ya karye. Wannan ita ce matsalar, kuma ba ƙarama ba ce ga ɗan kasuwa, tunda da mutunci ake karɓar kaya bashi. Ranar da aka gan shi yana taka feda zuwa kasuwa, kafin la'asar masu binsa kuɗi sun yi layi. Ko da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, farashin fetur ya yi tashin gwauron zabo a ɓangarorin iyaka biyu, waɗanda suka karkaɗe tsofaffin kekunansu sun yi ne bisa tilas, ba don so ba. A ganinmu kunyar nan tana cin mutane da yawa. A Wagadugu mata da maza, manya da yara, suna hawan keke ba wanda ya kalle su sau biyu.

Sai dai kada mu yi wa masu karatu daɗin baki. Tsohon da ke jan jarkoki shida na fetur ko buhu biyu na gero a tsakar rana don ya ciyar da iyali, ba shi da alaƙa da Baturen da ke yawo. Wancan ya ƙoshi, yana da fansho da inshorar lafiya da fasfon da ake buɗe wa ƙofa, in ya gaji ya tsaya. Wannan kuwa ko ya gaji ko bai gaji ba sai ya kai kaya. Hanyoyinmu ma ba su da gefen keke, tirela da bas na wucewa kamar za su ɗauke mutum, ga kuma wuraren da ƴan bindiga suka hana kowa sakat, waɗanda ba ma ba kowa shawarar ya bi su ko a mota, balle a keke. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana iya kayar da saurayi ma. Wanda ke da niyya, lokacinsa shi ne bayan sallar asuba, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ya tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa: ya fara da fuskantarta yana da ƙarfi, ta turo shi gida in ya gaji. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, ya soma da kilomita biyu ko uku a bayan gari, ya ɗaga sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa, ya duba birki, ya riƙe ruwa. Su kansu masu yawon ba su tsira daga ƙaddara ba. A 2018 an kashe huɗu daga cikinsu a Tajikistan, biyu sun haura shekara 55. Ita ma Anne Mustoe a kan hanya ajali ya same ta, ta kwanta rashin lafiya a Siriya, ta rasu a asibitin birnin Halab a 2009 tana da shekara 76.

Ga masu cewa lokaci ya riga ya wuce musu, akwai labarin Robert Marchand, Bafaranshe, haihuwar 1911. Yana saurayi aka ce masa ya haƙura da tseren keke saboda gajarta, tsawonsa bai wuce mita ɗaya da rabi da kaɗan ba. Ya shiga neman abinci, ya yi aikin kashe gobara a Paris, ya yi tuƙin babbar mota a Benezuwela, ya sari itace a Kanada, ya yi ƴan saye da sayarwa. Sai a 1978, yana da shekara 67, ya koma kan keke da gaske. A 1992, yana da 80 da ɗoriya, ya taka daga Paris zuwa Mosko. Yana da shekara 100 ya yi kilomita 24 cikin sa'a guda a filin tsere, bayan shekara biyu kuma, maimakon ya ragu, sai ya yi kusan 27. Masanan da suka bi lafiyarsa a tsakanin nan sun auna cewa ƙarfin jikinsa na amfani da iskar da yake shaƙa ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari saboda atisaye. A watan Janairun 2017, yana da shekara 105, ya sake shiga fili a kusa da Paris ya yi kilomita 22 da mita 547. Daga baya likitoci suka hana shi neman kafa tarihi, sai ya koma taka keken motsa jiki a cikin ɗakinsa kusan har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a watan Mayun 2021 yana da shekara 109.