Rezo ya cika, bidiyo ya tsaya: hanyoyin da intanet ke bi ya shiga gidajen Ƙonni

Duk mai waya a Birnin Ƙonni ya san wannan lokaci. An idar da sallar isha'i, an ci tuwo, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, uwa ta ce a kira mata ɗanta da ke ci-rani a Abijan ta gan shi ido da ido. Sandunan rezo a cike suke, alamar 4G na nan a saman waya, forfe kuma tun la'asar aka saye shi. Amma da zarar kira ya shiga sai fuskar yaron ta daskare, murya ta riƙa zuwa gutsi-gutsi, a ƙarshe a haƙura a tura saƙon murya. Wannan wayar kuwa ita ce da asuba take sauke bidiyo kamar ana juye ruwa a randa.

Wayar ba ta da laifi. Anten ɗin kamfani kamar famfon unguwa yake: ruwan da ke fitowa yana da iyaka, kuma duk wanda ya zo da bokiti da shi za a raba. Sandunan da ke kan waya ƙarfin siginar da ke tsakaninta da anten kawai suke nunawa, ba sa faɗin yawan mutanen da ke layi. Da asuba gari na barci, famfo ya zama na mutum ɗaya. Bayan isha'i kowa ya buɗe WhatsApp, TikTok da YouTube a lokaci guda.

Kalmar "mega" ma tana rikita mutane, domin mega iri biyu ce. Wadda ake saye a forfe megabait ce, ma'aunin yawan kaya. Wadda ake auna gudu da ita megabit ce a kowane sakan, ana rubuta ta Mbps, kuma sai an tara megabit 8 ake samun megabait 1. Fim mai nauyin giga 1, idan layi na gudun megabit 1, zai ci fiye da awa 2 kafin ya sauka. A megabit 10 minti 13 ne da ɗoriya, a megabit 100 kuwa sakan 80. Abin da gida ke buƙata bai kai yadda talla ke nunawa ba: YouTube na neman kusan megabit 2.5 don hoto mai kyau na 720p, megabit 5 don 1080p. Gidan da mutum huɗu ke kallo a lokaci ɗaya, megabit 20 mai ɗorewa ya wadace shi.

Mafi yawan gidajen Ƙonni, Malbaza da Illela ta layin salula intanet ke shigo musu. Kamfanoni huɗu ne ke aiki a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan kamfanin na Faransa ya sayar da hannun jarinsa a 2019, da Niger Telecoms na gwamnati, wanda aka kafa a 2016 ta hanyar haɗe SONITEL da SahelCom. Harafin da ke fitowa kusa da sandunan rezo shi ke faɗin irin hanyar da waya ta hau. Idan E ce, to tsohuwar hanyar 2G ce, wadda ba ta kai rabin megabit. Rubutu da gajeren saƙon murya za su wuce, amma giga 1 sai ta kwashe wajen awa 11. H ko H+ na nufin 3G, mai ba da megabit kaɗan, isasshe don hotuna da ƙaramin bidiyo. Ita 4G a takarda tana iya kai megabit 150, a zahiri kuwa abin da ke isowa hannu sau da yawa bai fi kashi ɗaya cikin biyar ko cikin goma na hakan ba, ya danganta da nisa da cunkoso. Matafiyin da ya bar kwalta a Tsarnawa ko Dogarawa ya nausa ƙauye zai iya kallon haruffan nan suna sauya wa juna wuri, daga 4G zuwa H, daga H zuwa E.

Akwatin wifi da ake sa wa layi a ajiye a ɗaki, shi ma daga wannan anten yake sha. Fa'idarsa ita ce kunnensa ya fi na waya ji, kuma yana raba wa mutanen gida ba tare da an dafa batirin wayar maigida ba. Inda aka ajiye shi yana da tasiri ƙwarai. Katangar laka mai kauri tana rage sigina, rufin kwano yana mayar da ita baya. Akwatin da aka ɗora a sama kusa da taga mai fuskantar anten yakan ba da abin da wanda aka tura ƙarƙashin tebur a ƙuryar ɗaki ba zai taɓa bayarwa ba, alhali kuɗin forfe ɗaya ne.

Ƙonni na da wani abu da Yamai ba ta da shi. Illelar Najeriya, ta jihar Sakkwato, tana nan ƴan kilomita kaɗan kudu da gari, kuma sigina ba ta san shingen duwan ba. Shi ya sa ƴan kasuwa da yawa ke riƙe da layi biyu, na Nijar da na Najeriya, suna duba wanda ya fi araha gwargwadon yadda naira ta kwana a gaban sefa. Dabara ce mai amfani, sai dai tana da iyaka. Siginar MTN ko Glo tana raguwa da zarar an yi arewa, layin Najeriya kuma tun ƙarshen 2020 sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Akwai kuma wayar da ke tsallake iyaka da kanta ta kama anten ɗin ƙetare, kiredi ya ƙare mai ita na zaune a ƙofar gidansa. Maganin wannan shi ne a shiga saitin waya a zaɓi kamfani da hannu.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, hanya mafi gudu duka tana ratsa garin. Babban layin fiba na ƙasa, wato zaren gilashi siriri kamar gashi da ke ɗaukar bayanai a matsayin haske, yana bin hanyar RN1 daga Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, wani reshe kuma ya yi arewa zuwa Tawa. Fiba ba ta gajiya da nisan unguwa kamar tsohuwar wayar tagulla ta ADSL, wadda iyakar ƙoƙarinta megabit 24 ne, shi ma sai ga wanda ke maƙwabtaka da ofishin tarho. Ruwan sama bai dami fiba ba, tana ɗaukar ɗaruruwan megabit, kuma turawa da saukewa suna iya tafiya kafaɗa da kafaɗa. Amma babban layi daban, reshen da zai shiga lungu ya kai ƙofar gida daban. Wannan ɗan guntun na ƙarshe shi ne mai tsada, sai an haƙa rami ko an kafa turaku titi-titi, kuma shi ne mafi yawan gidajen yankin ba su samu ba. Garin da ke da kasuwar iyaka, ga filin noman rani na hekta fiye da 2,000, ga masana'antar siminti a Malbaza, ga albasar Galmi da ake lodi zuwa Gana da Kodebuwa, ya cancanci a ja masa wannan reshe tun tuni.

Fibar ma tana da nata rauni. Nijar ba ta da teku, don haka intanet ɗinta sai ya bi ta ƙasashen maƙwabta kafin ya kai igiyoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a wurare kamar Kwatano da Legas. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaban Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar. Irin wannan rauni ne dalilin aikin layin fiba mai ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, mai tsawon fiye da kilomita 1,000 a cikin Nijar, wanda ke buɗe ƙofofi zuwa Aljeriya, Chadi, Najeriya, Benin da Burkina Faso.

Sai kuma sabon baƙo daga sama. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, karo na farko a Afirka. Gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin a Oktoban 2024, aka buɗe hidimar a Maris 2025. Intanet ta tauraron ɗan'adam ba sabon abu ba ne, bankuna da ƙungiyoyi sun daɗe da manyan farantan VSAT. Taurarin VSAT suna can kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, saƙo kan yi fiye da rabin sakan kafin amsa ta dawo, shi ya sa masu hira ke ta katse juna. Na Starlink suna shawagi a wajen kilomita 550, jinkirin amsa ya dawo ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan, gudu kuma yakan haura megabit 100. Ga ƙauyen da ke can bayan Badagishiri ko Bazaga, inda harafin E kaɗai ake gani, wannan babban sauyi ne, domin abin da farantin ke nema kawai sararin sama da wuta.

Kuɗin kayan ya haura jika 100, ga na wata-wata a kai, abin da gida ɗaya ba kasafai zai ɗauka ba. Daga nan sana'ar "wifi zon" ta bunƙasa: mutum ya kafa faranti a kan rufi, ya riƙa sayar da tikiti na awa ko na yini ga ƴan unguwa. Ta sauƙaƙa wa ɗalibai da matasa sosai. Amma lissafin famfo ya sake dawowa, megabit 100 da mutum 50 suka hau a tare, 2 kowa zai samu. Hukumar ARCEP mai kula da sadarwa ta kuma ja kunne a 2025 cewa sayar wa jama'a intanet sai da izini. Ruwan sama mai ƙarfi na watan Agusta yakan katse siginar na ɗan lokaci. Sararin saman ma yana cika: a ƙarshen 2024 Starlink ya dakatar da karɓar sababbin gidaje a Legas da Abuja saboda cunkoso.

Duk waɗannan hanyoyi a wuri ɗaya suke durƙusawa, wato kuran, wutar lantarki. Mutanen yankin ba su manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Akwatin 4G ɗan wat kaɗan yake ci, ƙaramin batir ya riƙe shi dare guda. Babban farantin Starlink kuwa yana cin wat 75 zuwa 100, ƙaraminsa mai suna Mini 25 zuwa 40, don haka mai saye sai ya sa kuɗin pano da batir cikin lissafi tun farko. Rana dai ba ta yi wa yankin rowa ba, tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018 shaida ce.

Akwai lamba ɗaya da talla ba ta cika ambata ba, ita ce gudun turawa. Dillalin albasa a Galmi da ke son aika bidiyon buhuna ga mai saye a Kumasi, da uwar da ke son ɗanta ya ga fuskarta sarai, turawa suke yi. A 4G da Starlink duka, turawa ta fi saukewa rauni nesa ba kusa ba. Kafin gida ya zuba kuɗi a akwati ko faranti, ya kamata a ari layin maƙwabci na kowane kamfani, a buɗe Speedtest ko fast.com a cikin ɗakin da za a yi amfani da shi, a auna da hantsi, a sake aunawa da ƙarfe 9 na dare, kwana biyu ko uku a jere. A rubuta lambobi uku: saukewa, turawa, da jinkirin amsa. Gwajin kansa yana cin mega, saboda haka a yi shi lokacin da forfe ke da saura. Lambar ƙarfe 9 ita ce za a dubi girmanta a yanke shawara, domin a lokacin ne ake shimfiɗa tabarma a kira Abijan.