Darasin abinci a lise: tsakanin allo da bakin ƙofa

Wajen ƙarfe 10 na safe, in an kaɗa ƙararrawar shan iska, bakin ƙofar lise yakan koma ƴar kasuwa. Haka abin yake a Maraɗi, haka yake a Damagaram da Tawa da Yamai. Ga mai buredi da mayonaz, ga mai ƙosai da fanke, ga mai soya ƙwai da indomi, ga yarinya da kula cike da lemun kwalba da ƙanƙarar leda. Cikin ɗan lokaci ɗalibi zai kashe dala ashirin ko arba'in ɗin da uwaye suka ba shi, ya share baki, ya koma aji. Da yawansu wannan ne karin kumallonsu, domin sun baro gida tun ba a sauke tukunya ba.

A cikin aji kuwa, ilimin abinci yana nan a darasin kimiyyar halittu da ake kira SVT. Ɗalibi yakan haddace sunayen rukunonin abinci da Faransanci, ya cika kaye da su, ya kuma sami maki a jarrabawa. Abin da yakan ɓace masa shi ne buredin da ke hannunsa ake nufi. Malamin da ya san aikinsa daga nan yake farawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta sukari. Gwangwanin lemu mai gas na santilita 33 yakan ɗauki wajen giram 35 na sukari, wato ƙwaya 6 zuwa 7 na sukarin kwali. In mushe ya jera ƙwayoyin nan bisa tebur kusa da gwangwanin, ba ya bukatar dogon jawabi, don ba yaron da zai yarda ya tauna su a zama guda. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a yini. Ga baligi wannan bai wuce giram 50 ba. Ke nan gwangwani guda ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku, tun ba a lissafa shayin safe da madarar gwangwani mai zaƙi ba.

Gishiri ya fi wuyar kamawa, saboda ɓoye yake. Ma'aunin OMS shi ne ƙasa da giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ko ma fiye, kuma ledar indomi guda da garin ɗanɗanonta takan kai kusan rabin abin da ya kamata a ci a yinin. Saurayi ɗan shekara 17 ba ya jin komi. Hawan jinin sai daga baya yake zuwa, lokacin da ya zama ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai iyali, ya shiga kai da komo tsakanin likita da kantin magani. Man suya ma haka: wanda aka yi kwanaki ana maimaita shi har ya yi baƙi yana kumfa ya riga ya lalace, ido kaɗai ya isa ya gane shi.

Sai dai akwai kuskuren da ya kamata malami ya kauce masa, wato ɗauko darasin Amurka ko Faransa ya sauke shi yadda yake. Can babbar damuwarsu ƙiba ce. A Nijar, ƙiba da ciwon sukari suna ƙaruwa a birane, amma rashin isasshen abinci mai gina jiki bai kau ba, har akan tarar da cutocin biyu a gida guda. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2012 ya nuna kashi 46 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ƴan matan lise suna cikin wannan rukuni, kuma suna bukatar sinadarin ƙarfe sosai saboda jinin al'ada. Yarinyar da ke gyangyaɗi a aji, tana kukan jiri da kasala, ba lalle ragguwa ba ce. Buredi da mayonaz da lemu sun cika mata ciki, amma ba su ƙara mata jini ba. Irin wannan ɗaliba in an ce mata ta rage ci, an cuce ta. Abin da take bukatar ji shi ne wake da ganye da hanta suna da ƙarfe, lemun tsami da tumatir suna taimaka wa jiki ya sha shi, shayi kuwa yana hana shi, don haka gara a jinkirta shan shayi kamar awa guda bayan cin abinci.

Abin mamaki, abincin gaggawa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fura da nono tun kaka da kakanni abincin matafiyi ne da ɗan kasuwa: gero na ba da ƙarfi, nono na gina jiki da ƙashi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda ƴan Yamai ke kira kopto, ya fi duk abin da ke cikin leda amfani. Wake da shinkafa kuwa, kowane yana cike giɓin ɗan'uwansa wajen gina jiki, ga shi Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Matsalar kunya ce. Ɗan tarminal da ke shirin bak yana ganin riƙe kwalbar lemu wayewa ne, ƙwaryar fura kuwa ƙauyanci. Amma kada a yi wa abincin gargajiya yabon da ya wuce kima: furar da aka dama da ruwa marar tsabta, ko aka cika ta da sukari, ita ma tana da nata sharrin, kuma zazzaɓin taifot ba ya tambayar asalin abinci.

Wasu uwaye suna ganin magani shi ne a kori masu talla daga bakin ƙofa. Yawancinsu mata ne da ke ciyar da gida da wannan ciniki, wasu ma ɗiyansu na cikin ajin, kuma in an kore su yaro butik ɗin gaba zai nufa. Mai talla abin da ake saye take kawowa. Ranar da ɗalibai suka fara neman dafaffen wake da gujiya da dabino, tire zai sake kama. Manyan ƴan kasuwa ma abin ya shafe su, tun da yawancin lemu da biskit da indomi da ke kasuwar Maraɗi daga Nijeriya suke shigowa. Can gwamnati ta ɗora harajin naira 10 bisa kowace lita ta lemu mai sukari a dokar kuɗi ta 2021.

Akwai aikin gida da malami zai iya bayarwa ba tare da an kashe ko tamma ba: kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya ci da kuɗin da ya kashe har kwana 7, ya kawo ledojin da gwangwanayen a karanta abin da aka rubuta jikinsu, sa'an nan aji ya lissafa abin da kuɗin nan zai iya saye na wake ko nono ko ƙwai a kasuwar unguwa. Takardar kuma a kai ta gida, wanda ya ba da dala ashirin ɗin ya sa hannu.