3.4 Hanyoyin Tantance Kayan Ƙawa na Mata a Birnin Zariya

Kamar yadda aka yi bayani a baya, kayan ƙawa irin su sarƙa da 'yan kunne da awarwaro ba ado kawai ba ne a wurin matan birnin Zariya. Ajiya ce da mace ke sayarwa idan wata lalura ta taso. Don haka idan aka saka jabu a cikin lefe, bayan abin kunya ga dangin ango, asarar tana kan amarya. Wannan ne ya sa akan tafi da tsohuwa mai ido ko dillaliya wajen saye.

3.4.1 Murjani
Murjani daga teku ake samo shi, kuma a da fatake ne ke kawo na Bahar Rum ta hanyar Tarabulus zuwa Kano, daga nan ya iso Zazzau. Na gaskiya ba shi da tauri sosai, wuƙa tana iya kankare shi. Na gilashi kuwa ya fi shi tauri, kuma sau da yawa akan hangi 'yan kumfa a cikinsa. Na roba ba shi da nauyi a hannu.

3.4.2 Tsakiya
Tsakiya dutse ce mai tauri, har tana iya yi wa gilashi zane. Idan aka ɗora ta a kumatu akan ji sanyi, kuma launinta ba ya zama bai ɗaya. Idan aka ga ƙwayoyin duk sun yi kama da juna sak, to akwai alamar tambaya.

3.4.3 Azurfa da Zinare
Maƙeran fari su ne masu aikin azurfa. A da sukan narka kuɗin azurfa na Mariya Tareza, mai ɗauke da shekarar 1780, saboda an amince da ingancinsa. Shi kuwa zinare da karat ake auna kyansa. Mai karat 24 shi ne tsantsa, amma ya cika taushi. Akan buga lambar 916 a jikin mai karat 22, da 875 a mai karat 21, da 750 a mai karat 18. Sai dai lamba kaɗai ba ta isa shaida ba, domin ana iya buga ta a kan tagulla da aka shafa wa ruwan zinare. Saboda haka masu sayarwa kan goga shi a kan baƙin dutse su ɗiga ruwan gwaji. Idan zanen ya ɓace, to zinaren bai kai yadda aka faɗa ba.

A taƙaice, wannan ilimi ya shafi har addini, domin a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari, nisabin zakka kuma miskali 20 na zinare.